Wai Ni Na Ƙona Inbatar Baba

Kafin ku fara yi mini nasiha a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku tsaya ku ji abin da ya faru tukuna. Masu cewa, "'Yar'uwa ki riƙe shi hannu bibbiyu, irinsa sun yi wuya," na ji ku. Ku zo ku ɗauka. Na bar muku shi, har da agogon.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na bi Baba shagon katako. Yayyena maza duk sun gudu ofis, wai ƙurar zarto na sa su atishawa. Ni kuwa tun ina tsallake guntayen katako ba takalmi nake wurin, har na girma na iya aikin sosai. Shagon a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da falo, shi ya sa ko guduma ce ta faɗi sai Mama ta ɗaga murya ta tambayi wa ya ji ciwo.

Manyan injuna uku gare mu: na zarto, na goge fuskar katako, da na sassaƙa, wanda ke juya katako kina fere shi har ya zama ƙafar tebur. Kowanne da motonsa, kuma duk wuta mai layi uku suke ci. Tun da aka yi gyaran wayoyin unguwarmu aka bar mu da layi ɗaya, sai injunan suka koma kayan ado, kyanwar gida har barci take a kan na gugar. Baba ya koma zarton hannu da shekarunsa. Ina kallon kafaɗarsa tana rawa in yana ja, in na ce ya kawo sai ya harare ni.

A nan Mai Agogo ya shigo rayuwata.

Ɗan abokin Baba ne. Mahaifinsa ɗan kwangila ne, tare suka taso da Baba. Shi kuma injiniyan lantarki ne, kuma kada in zalunce shi, ya san aikinsa. Matsalar dai ya san ya sani. Agogon da ke hannunsa ya kusa faɗin murfin kofi, kuma ba ya iya ƙarasa magana sai ya karkaɗa hannu ya gyara masa zama. Ko gaisuwa yake sai agogon ya gaisa.

Sauran samari in suna neman yarinya turare suke kawowa, ko waya. Shi inbata ya kawo. Ba irin ta gida mai batir ba, wannan wani akwati ne mai ruwan toka, da 'yar fuska mai nuna lamba da maɓallai biyu, kore da ja. Yana karɓar wutar layi ɗaya ya mayar da ita uku, ya tayar da moto a hankali, ya kuma tsayar da shi a hankali. Da yake akwatin ɗaya ne injuna uku, sai ya kafa hannun canji a ƙasansa, wani baƙin mariƙi da ake juyawa a zaɓi injin da za a ba wuta.

Ranar da ya kafa, ya tsaya gaban Baba da farar rigarsa mai dogon hannu, ko ɗigon ƙura babu, yana bayani kamar a gidan talabijin.

"Baba, doka ɗaya ce. Kada a taɓa hannun nan inji na gudu. A danna ja, a jira lambar nan ta sauko sifili, moto ya tsaya cak, sannan a juya, sannan a danna kore. In aka juya yana aiki, wutar za ta dawo ta daki cikin akwatin, shi ke nan ya tafi."

"To, to, na ji," in ji Baba, idonsa na kan zartonsa da ya tashi yana waƙa. Na san wannan "to, to" ɗin. Ita yake yi wa likita in an ce ya rage gishiri. Mutumin da tun kafin a haifi Mai Agogo yake kashe wannan inji da hannun hagu ya kunna wancan da na dama, shi za a ce ya tsaya yana kallon lamba?

Daga ranar gidanmu ya zama gidan yabon Mai Agogo. Mama in ta tashi da safe shi ne, in za ta kwanta shi ne. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo mana ziyarar kwana biyu tun bara ba ta koma ba, ita ce mai amshi.

"Yaron da ya tayar da injunan ubanki," in ji Mama, tana ninke kayan wanki, "me kuma kike jira ya tayar?"

"Kuma ga ubansa ya ba da aikin ƙofofin sabon ginin da yake yi gaba ɗaya," Gwaggo ta ƙara. "Ke ba ki ga alama ba? Mutane na shigowa da alheri, ke kina ta cika kina batsewa kamar an ci bashinki."

"Ni ban ce komai ba, Gwaggo."

"Ai shi ne. Ki ce wani abu mana!"

Shi kuma gogan, saƙo ba dare ba rana. "Gimbiya, kin ci abinci?" "Gimbiya, turo mini hoton hannunki." Na tura masa, da ƙurar katako da tabon kurfin sassaƙa a babban yatsa. Ya amsa, "Allah sarki. In kin zo gidana hannayen nan ba abin da za su sani sai mai da zobe. Matata ba za ta riƙa warin katako ba." Na rubuta masa "To." Ya turo hoton zuciya. Ku gaya mini, a cikin "To" ina ya ga zuciya?

Yanzu ga abin da ya faru.

Da hantsi ne, aikin ƙofofin ya taso mu gaba. Ina can ƙarshen shago da tef a hannu ina auna faɗin wata ƙofa, fensir a bayan kunne. Baba na kan zarto. Ya gama yanka wani dogon katako, ya ɗago shi zai kai wa injin guga. Ina ɗagowa na ga hannunsa ya miƙa bango, kamar yadda ya saba miƙawa duk rayuwarsa, ba tare da ya ko kalla ba.

"Baba!"

Kafin in rufe baki ya juya. Fau! Wani shuɗin haske ya fito ta ramukan akwatin, fuskar ta mutu, sai wari kamar an jefa roba a wuta. Zarton ya ci gaba da juyi shi kaɗai yana rage murya har ya yi shiru.

Mama da Gwaggo suka faɗo shagon suna salati, Gwaggo ɗankwali a hannu. Kafin wani ya ce wani abu Mama ta riga ta kira Mai Agogo a waya.

Ya iso da ƙamshinsa, ya naɗe hannun riga sau ɗaya tak, ya buɗe akwatin ya sunsuna. Ya dubi mariƙin. Akwai shatin yatsu a kai, na ƙurar jan katakon da Baba ke yankawa, manya-manya, kowanne ya yi biyun nawa. Na ga ya gani. Ya dubi Baba, wanda ke ta goge hannu da tsumma alhali hannun ya riga ya goge. Sai ya yi wani murmushi, ya karkaɗa agogo.

"Baba, kada ka damu, ba komai. Gimbiya ce ta juya, ko? Ai mata haka suke da kayan wuta, sai a hankali. Zan kawo wani."

Wallahi sai da na waiga bayana in ga ko akwai wata gimbiyar a shagon.

Na dubi Baba. Jira nake ya ce, "A'a, ni ne." Kalma uku. Baba ya dubi ƙasa, ya sa ƙafa ya ture wani guntun katako gefe.

"Na faɗa!" Mama ta tafa hannu. "Na faɗa ba sau ɗaya ba! 'Ya mace da injuna! Yau akwati, gobe yatsunki. Daga yau kin bar shagon nan, kin ji ni ko?"

"Kayan mutane, kyauta guda," in ji Gwaggo tana girgiza kai. "Yaro ka yi haƙuri, ƙuruciya ce."

"Haba Gwaggo, ai tawa ce," in ji shi.

Tawa ce. Ku ji fa.

Na cire fensir daga kunne na ajiye a kan benci, na rataye rigar aikina a ƙusa, na wuce ɗaki. Ko zama ban yi ba wayata ta yi ƙara.

"Gimbiya, na san ba ke ba ce. Na ga yatsun. Amma babban mutum ba a kunyata shi gaban iyalinsa. Ke ki ɗauka, ai mace ce ke, gobe an manta. Kuma dama kin kusa barin wurin, kin ga an huta."

Ya kuma liƙa zuciyarsa a ƙarshe.

Bari in gaya muku gaskiya, tunda ku ba ku san fuskata ba. Da Baba ya ja ni gefe ya ce, "Auta, rufa mini asiri," da na ɗauka da gudu, har in ƙara da cewa na taka wayar ma. Ubana ne. Amma a ce wani ƙato mai warin turare ya tsaya tsakiyar shagonmu ya ɗauki laifi ya ɗora mini kamar yana rataya jaka a ƙusa, don ya sayi fuskar Baba, ya kuma fitar da ni daga inda dama yake so in fita? Sannan ya turo mini saƙo yana jiran godiya? Wannan wayon ko a wurin yaran makaranta ya tsufa.

Sai dai ba nasa ne ya hana ni sakat ba. Shirun Baba ne.

Kwanakin da suka biyo baya a falo na yi su, kamar baƙuwa. Gwaggo ta ɗauki aikin mayar da ni mutum. Ta ce tafiyata ta masu ɗaukar katako ce, ta sa ni in je ƙofar kicin in dawo tana gyara mini. Ta jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi da man zaitun, tana duba tafin kamar mai sayen fata. Ta bayan ƙofa kuma ina jin zarton hannu, ƙiii, ƙiii, ya tsaya, a yi tari, ya ci gaba. In na kai wa Baba shayi sai ya ce, "Ajiye nan," yana kallon bango. In na koma ɗaukar kofi sai in tarar ya huce ba a taɓa ba. Mutumin da ba ya iya yini bai tsokane ni ba, ya koma sallama ma a ciki yake yi.

Ranar da sabon akwati ya iso, Mama ta tashe ni da shiri kamar za a ɗauke ni hoto. Ta fito da doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya, wadda ke kama ni a hammata, da mayafi mai santsi da ba ya zama a kai sai da addu'a, da takalmi mai tsini.

"Kada ki bari ƙura ta taɓa rigar nan. Ki kai musu lemo, ki ba shi haƙuri da bakinki, ki yi murmushi. Murmushi na ce, ba wannan abin da kike yi kamar mai ciwon haƙori ba."

Na shiga shagon da tire, kofunan gilashi na ƙara. Mai Agogo har ya gama ɗaurawa. Yau rigar shuɗiya ce mai haske, da takalmi mai sheƙin da za ki iya gyara kwalli a jikinsa. Mama da Gwaggo suka tsaya bakin ƙofa suna kallo kamar an zo buɗe asibiti.

"Gobe zan zo da ɗan kwaɗo in sa wa hannun nan," in ji shi, yana kallona ta gefen ido, "saboda masu ƙaiƙayin hannu."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na yi murmushin ciwon haƙorin.

Ya danna kore. Lamba ta fara hawa, zarto ya ɗauki murya. Mama ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka!" Shi kuma ya juya wa bango baya, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar kansa da injin, yana neman inda haske zai fi kama agogon.

Fuskar Baba ta saki, karon farko tun ranar. Ya ɗauko katako ya tura, zarton ya ratsa shi kamar sabulu. Ya ɗago shi yana shafawa, ya juya wajen injin guga. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Hannun ya tashi, ya nufi bango. Zarto na gudu, lamba na can sama.

Ga inda za ku zage ni, ku zaga. Wallahi sai da wata murya ta ce mini, bar shi. Bar shi ya juya, ya yi fau a gaban kowa, ke kina nan da tire a hannu da rigar hoda, a ga wace gimbiyar za a ɗora wa yau. Har na ji daɗin abin a bakina.

Amma ban san lokacin da na saki tiren ba. Kofuna suka tarwatse, lemo ya wanke takalmin mai sheƙi, na yi tsalle ɗaya da tsinin nan na cafke wuyan hannun Baba, yatsunsa sun riga sun taɓa mariƙin. Da ɗayan hannun na danna ja.

Muka tsaya a haka, ina riƙe da shi, muna jin zarton na sauka, lamba na raguwa, har ta zo sifili. Sannan na sake shi.

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Haka na yi ranar," ya ce.

"Malam..." in ji Mama.

"Haka na yi ranar. Yarinyar nan tana can ƙarshen shago da tef. Har kira na ta yi."

Mai Agogo ya sauke waya, ya yi wata 'yar dariya. "Haba Baba, ai wannan ya wuce, a bar..."

"Ka sani?" in ji Baba.

"Baba, ai girmanka na duba."

"Girmana ka duba, sai ka ɗauka ka ɗora wa 'yata." Baba bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi tsoro. "Ni kuma na tsaya kamar gunki na bar ka. Nawa ya fi naka muni, don ni na haife ta." Ya juyo, ya kalle ni cikin ido. "Auta, ki yafe mini."

Ni da na shirya maganganu cike da ciki, sai ga ni ina goge hanci da mayafin Mama.

Gogan ya karkaɗa agogo. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, takalmin na manne wa siminti saboda lemo, ɗas, ɗas, har waje. Gwaggo ta bi bayansa da kallo, sannan ta shige gida da sauri tana laluben waya a ɗaurin zani.

Ba a jima ba tawa wayar ta yi ƙara.

"Kin kunyata ni gaban iyayenki. Ina mota. Ki fito ki ba ni haƙuri yanzu. In ba haka ba, akwatin nawa ne, kuma ki tuna ƙofofin da kuke yi na wane ne."

Babu zuciya a ƙarshen wannan.

Na karanta, na dubi ƙofofin jingine a bango, rabi an goge rabi ba a taɓa ba. Na dubi kafaɗar Baba. Na san abin da komawa zarton hannu ke nufi, ba sai kun tuna mini ba. Na miƙa wa Baba wayar, ya nisanta ta da idonsa ya karanta a hankali, ya maido mini.

Na cire takalman na jefa kan benci. Na je na kashe babban makunnin shago, na tsaya har 'yar fitilar akwatin ta mutu, sannan na ɗauko sukudireba.

"Ke! Me za ki yi?" Mama ta dafe ƙirji. "Kin haukace? Malam, ka yi mata magana mana! Za ta kashe mana aiki, ta kashe aure, duk a yini ɗaya!"

Na sa bakin sukudireban a sukurun farko.

"Ajiye wannan," in ji Baba daga bayana.

Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

"Bakinsa mai faɗi ne, za ki cinye kan sukurun. Duk masu kuros ne ya sa, masu kai kamar alamar tarawa. Miƙo mai jan mariƙin can. Ni zan kwance, ke ki tallafe shi ta ƙasa, yana da nauyi."

Haka muka yi, ni da ubana, Mama na zagaye mu tana kiran sunayen duk waɗanda za su yi da mu a unguwa. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana naɗe bakinsu. Akwatin ya rabu da bango ya sauko a ƙirjina, ƙurarsa ta yi wa rigar hodar nan zane daga wuya har ciki.

Ina juyowa da shi zan nufi waje, sai na ga ƙofar shago ta yi duhu.

Ɗan kwangila ne da kansa, abokin Baba, da sandarsa da hularsa, fuska ba alamar wasa. Ashe shi Gwaggo ta kira. Ɗansa na tsaye a bayansa, ya harɗe hannu, agogon na sama.

Tsohon bai gaisa da Baba ba. Ya dubi bangon da babu komai sai ramukan sukuru, ya dubi akwatin a hannuna, ya dubi ƙafata ba takalmi cikin fasassun kofuna.

"'Yata, an ce kin yi wa ɗana rashin kunya, kin mayar masa da alheri a fuska. Ban saba yanke magana da bakin mutum ɗaya ba. Ina jin ki."

Mama na yi mini alama da ido, tana roƙo. Mai Agogo na yi mini nasa kallon, na wanda ya tabbata ba zan iya ba.

Na sauke akwatin a kan benci a hankali. Na goge tafin hannuna a jikin rigar, dama da hagu. Sannan na ciro wayata, na buɗe saƙonninsa tun daga na ranar da akwatin farko ya ƙone.

"Baba," na ce wa tsohon, "in karanta maka, ko za ka karanta da kanka?"